Laszlo Biro: Mutumin da Sunansa Ya Zama Alƙalami

Ya ku ɗalibai, kun riga kun koyi cewa harshen Hausa ya aro kalmomi da dama daga wasu harsuna. Alƙalami da tawada daga Larabci suka zo, fensir da rula kuwa daga Turanci. To, akwai wata kalma da kuke furtawa kullum a cikin aji, ko da wane harshe kuke yi a gida, wato biro, wanda wasu ke kira bairo. Wannan kalma asalinta sunan mutum ce. Mutumin kuwa shi ne Laszlo Biro, wani ɗan jarida daga ƙasar Hangari ta nahiyar Turai, wanda ya rayu daga 1899 zuwa 1985.

A wannan darasi za ku karanta tarihin rayuwarsa. Za ku ga yadda ya ƙirƙiro alƙalamin da ke ɗauke da sunansa, da yadda doka take kare haƙƙin mai ƙirƙira, da kuma inda kariyar take tsayawa.

Haihuwarsa da ƙuruciyarsa

An haifi Laszlo ranar 29 ga Satumba, 1899, a Budapest, babban birnin Hangari. Iyayensa Yahudawa ne, mahaifinsa kuma likitan haƙori ne. Asalin sunan gidansu Schweiger, amma a 1905 aka sauya shi zuwa Biro, domin a wancan zamani Yahudawan ƙasar da yawa suna ɗaukar sunaye na harshen ƙasa. A harshen mutanen Hangari, ma'anar biro ita ce alƙali.

Bayan ya gama sakandare, sai ya shiga makarantar koyon aikin likita, amma bai kammala ba. Daga nan ya taɓa sana'o'i iri-iri. Ya yi zanen hotuna, ya yi tseren mota, ya yi aikin ofis, daga bisani ya zama ɗan jarida. Wanda ya gan shi a lokacin zai iya cewa matashi ne marar alƙibla. Sai dai akwai halin da bai rabu da shi ba a duk inda ya shiga: in ya ga abu yana ba mutane wahala, ba ya samun sukuni sai ya nemi hanyar gyara shi. Alal misali, tuƙi ya sa ya ƙirƙiro wata na'ura mai sauya giyar mota da kanta. Kamfanin General Motors na Amurka ya sayi wannan fasaha daga hannunsa, amma bai taɓa ƙera na'urar ba. Wannan shi ne karo na farko da Biro ya ga cewa ƙirƙira daban, cin moriyarta daban.

Matsalar alƙalamin da

Domin ku fahimci darajar aikin Biro, ya kamata ku san irin alƙalamin da ake amfani da shi kafin nasa. Idan kun taɓa ganin almajiri yana rubutu a kan allo, kun ga yadda yake tsoma alƙalamin kara a cikin tawada, ya rubuta 'yan kalmomi, ya sake tsomawa. Haka Turawa ma suka daɗe suna yi, da gashin tsuntsu da farko, sannan da alƙalami mai bakin ƙarfe. Daga baya aka ƙero alƙalami mai shan tawada, wanda ake ɗura masa tawada a ciki, ta riƙa gangarowa zuwa bakinsa.

Wannan alƙalami ci gaba ne, amma yana da nasa aibu. Tawadarsa tsararo ce kamar ruwa, saboda haka ba ta bushewa da wuri. In hannu ya goga a kan rubutu, sai ya dame. Sau da yawa yakan yi yoyo a aljihu, ya ɓata riga. Bakinsa mai tsini ne, yana iya yaga takarda. Ga shi kuma tawadar tana saurin ƙarewa. Ku kwatanta halin ɗan jarida kamar Biro, wanda ke tsaye a wurin taro yana rubuta jawabi cikin gaggawa, sai alƙalami ya ƙafe, ko ya zubar masa da tawada a kan takarda.

Abin da ya gani a maɗaba'a

Aikin jarida yakan kai Biro maɗaba'a. A can ya lura da abin da dubban mutane suka gani ba su kula ba. Tawadar da ake buga jarida da ita tana bushewa nan da nan, har mutum ya ɗauki jaridar ba tare da rubutun ya dame ba. Sai ya ɗura irin wannan tawada a cikin alƙalaminsa. Ba ta gangaro ba, domin ta yi kauri da yawa.

Maimakon ya haƙura, sai ya sake duban injin buga jaridar. Ya ga cewa wata ganga mai juyawa ce take ɗebo tawada tana shafa ta. Amma ganga gaba da baya kawai take mirginawa, alhali hannun mai rubutu yana zuwa sama da ƙasa, dama da hagu. Me ke iya mirginawa ta kowace fuska? Amsar ita ce ƙwallo. Saboda haka ya yanke shawarar sanya ɗan mitsitsin ƙwallon ƙarfe a bakin alƙalami.

Ku ɗauki biro ɗaya ku duba bakinsa da kyau. Za ku ga wannan ɗan ƙwallo, wanda faɗinsa bai cika wuce milimita 1 ba, zaune a cikin gurbi. Rabinsa na ciki yana taɓa tawadar da ke cikin bututu, rabinsa na waje yana taɓa takarda. Yayin da kuke rubutu, ƙwallon yana juyawa, yana ɗebo tawada daga ciki yana ajiyewa a kan takarda. In kun daina rubutu, sai ya zama murfi, ya hana tawada zuba, ya kuma hana iska shiga ta busar da ita.

Bayanin yana da sauƙi, amma aikin ya ci shekaru. In gurbin ya matse, ƙwallo ba zai juya ba. In ya yi sako-sako, tawada za ta yi yoyo. In tawada ta yi kauri da yawa, sai ta toshe baki, in kuma ta yi ruwa, sai ta zube. Ɗan'uwansa Gyorgy, wanda ya san ilimin haɗa sinadarai, shi ya taimaka masa wajen neman tawadar da ta dace. Wani ɗan kasuwa mai suna Andor Goy kuma ya zuba kuɗi a cikin aikin. Sun gwada, sun kasa, sun sake gwadawa, har zuwa 1938 lokacin da Biro ya nemi hukuma ta yi wa alƙalaminsa rajista.

Mece ce takardar haƙƙin ƙirƙira?

A nan ya kamata mu ɗan dakata, ku fahimci abin da Biro ya nema. Takardar haƙƙin ƙirƙira wata yarjejeniya ce tsakanin mai ƙirƙira da hukuma. Shi zai bayyana sirrin abin da ya ƙirƙiro filla-filla a rubuce, yadda kowa zai iya karantawa. Ita kuma hukuma za ta hana kowa ƙera abin ko sayar da shi ba da izninsa ba, har zuwa wani wa'adi. A yawancin ƙasashe a yau wa'adin shekara 20 ne. In ya cika, fasahar ta zama ta kowa da kowa. A Nijeriya, dokar da ta tsara wannan al'amari an kafa ta a 1970, ita ma shekara 20 ta tanada. Sharuɗɗanta uku ne: abin ya zama sabo, ya zama akwai hikima a cikinsa wadda ba kowa zai hango ba, kuma ya zama ana iya ƙera shi ko amfani da shi a masana'anta.

Masu ƙirƙira sun sha bamban a kan wannan takarda. Louis Pasteur na Faransa, wanda ya samar da rigakafin ciwon haukan kare a 1885, ya karɓi irin wannan takarda a Amurka a 1873 a kan hanyar sarrafa yis. Philo Farnsworth na Amurka ya sami tasa a 1930 a kan fasahar talabijin, kuma sai da ya yi doguwar jayayya da babban kamfanin RCA kafin a tabbatar masa da haƙƙinsa. Rigakafin shan inna kuwa, wanda Jonas Salk ya samar aka fara amfani da shi a 1955, ba a yi masa irin wannan rajista ba.

Akwai abubuwa biyu da za ku riƙe, domin su ne suka juya rayuwar Biro. Na farko, takardar tana aiki ne kawai a ƙasar da ta bayar da ita. Na biyu, ba ta kare abin da wani ya riga ya bayyana. Biro kuwa ba shi ne farkon wanda ya yi tunanin alƙalami mai ƙwallo ba. Tun ranar 30 ga Oktoba, 1888, wani Ba'amurke mai suna John Loud ya sami takarda a kan irinsa, don yin alama a jikin fata. Alƙalamin Loud ya yi kaushi da yawa, bai dace da rubutu a takarda ba, saboda haka bai shiga kasuwa ba, har wa'adinsa ya ƙare. Abin da Biro ya ƙara shi ne daidaita ƙwallo da gurbi da tawada har suka yi aiki tare.

Gudun hijira

Shekarar da Biro ya yi wa alƙalaminsa rajista shekara ce ta tsoro ga Yahudawan Turai. Adolf Hitler yana mulkin Jamus, gwamnatin Hangari kuma tana ƙawance da shi. A watan Mayu na 1938 Hangari ta kafa dokar da ta taƙaita yawan Yahudawan da za su iya yin wasu sana'o'i, ciki har da aikin jarida. Biro ya hango abin da ke tafe. A ƙarshen wannan shekara ya bar ƙasarsa ta haihuwa zuwa Paris, babban birnin Faransa, ɗauke da takardun ƙirƙirarsa.

Zamansa a Paris bai yi tsawo ba. Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939, kuma a watan Yuni na 1940 sojojin Jamus suka shiga birnin. Dole ya sake neman mafaka. An ruwaito cewa tun kafin yaƙin ya haɗu da Agustin Justo, tsohon shugaban ƙasar Ajantina, a wani wurin shaƙatawa a Yugoslabiya. Justo ya ga alƙalamin a hannunsa, ya yi sha'awarsa, ya gayyace shi ƙasarsu. A farkon shekarun 1940 Biro ya tsallaka teku zuwa Buenos Aires, babban birnin Ajantina, a nahiyar Amurka ta Kudu. Ɗan'uwansa da iyalinsa ma can suka koma.

Ku lura da abin da wannan hijira ta tsirar da su daga gare shi. A tsakanin Mayu da Yuli na 1944, an kwashe Yahudawan Hangari fiye da 400,000 a jiragen ƙasa, akasarinsu zuwa sansanin Auschwitz, inda aka kashe mafi yawansu. Alƙalamin da Biro ya ƙirƙiro don sauƙaƙa aikinsa na jarida, shi ne ya zama guzurinsa da jarinsa a ƙasar da bai san harshenta ba.

Sabuwar rayuwa a Ajantina

A Buenos Aires, Biro da ɗan'uwansa da abokinsu Juan Jorge Meyne suka kafa ƙaramin kamfani. Alƙaluman farko da suka fitar ba su gamsar da masu saye ba, domin har yanzu akwai matsalar yoyo da toshewa. Kuɗi ya yi ƙaranci, amma Biro ya ci gaba da gyara. Ya sauya fasalin bututun tawada, ya mai da shi siriri ƙwarai, yadda tawada za ta riƙa bin sa a hankali zuwa ga ƙwallo ba tare da an tura ta ba. Ranar 10 ga Yuni, 1943, ya yi wa sabon fasalin rajista a Ajantina. Daga sunayen Biro da Meyne aka haɗa kalmar birome, wadda har gobe da ita mutanen Ajantina ke kiran wannan alƙalami.

Taimako ya zo daga inda ba a zata ba. Wani Bature ɗan Ingila mai suna Henry Martin, wanda ke zaune a Ajantina, ya gane cewa alƙalamin zai amfani matuƙa jirgin sama. In jirgi ya yi nisa a sama, matsin iska yana raguwa, sai iskar da ke cikin alƙalami mai shan tawada ta kumbura, ta turo tawada waje. Alƙalamin Biro kuwa bai da wannan matsala. Martin ya sayi iznin ƙera shi a Ingila, aka yi dubbai domin mayaƙan sama na Birtaniya. Daga Ingila ne sunan biro ya bazu, har ya iso ƙasashen da ke amfani da Turancin Ingila, ciki har da Nijeriya.

Kura da shan bugu

A 1945 kamfanonin Eversharp da Eberhard Faber suka biya dala 500,000 don samun iznin ƙera alƙalamin a Amurka. Amma kafin su shirya, wani ɗan kasuwa daga Chicago mai suna Milton Reynolds ya riga su. Ya ga alƙalamin a wani kanti a Buenos Aires, ya sayi 'yan kaɗan, ya koma gida, ya sauya yadda tawada ke gangarowa, ya fara ƙera nasa. Ranar 29 ga Oktoba, 1945, aka fara sayar da shi a kantin Gimbels na birnin New York a kan dala 12 da rabi kowane ɗaya. Jama'a suka yi cincirindo, aka sayar da dubbai a rana guda. An kai ƙara kotu, amma ba a iya hana Reynolds ba. Tunanin sa ƙwallo a bakin alƙalami ya riga ya zama na kowa tun bayan ƙarewar wa'adin Loud, takardar Biro ta Amurka kuma ba ta fito ba sai a watan Disamba na wannan shekara.

Kamfanoni da yawa suka shiga kasuwar cikin gaggawa, suka cika ta da alƙaluma masu yoyo. Jama'a suka gaji, farashi ya faɗi ƙasa da dala 1 cikin 'yan shekaru. Wanda ya dawo wa alƙalamin da martabarsa shi ne Marcel Bich, wani mai masana'anta a Faransa. Ya yi amfani da injuna masu auna abu daidai wa daida, irin na maƙeran agogo na ƙasar Suwizalan, ya ƙera ƙwallo da gurbi masu inganci a farashi mai rahusa. A watan Disamba na 1950 ya fitar da Bic Cristal, wato biron nan mai gangar jiki garai-garai da kusurwa 6. A 1957 kamfaninsa ya sayi kamfanin Biro Swan na Ingila. Kafin ƙarshen 2006 an sayar da wannan biro guda biliyan 100.

Shi fa Biro? A shekarun ƙunci ya riƙa sayar da haƙƙoƙinsa da hannayen jarinsa kaɗan-kaɗan, domin ya riƙe iyalinsa, ya kuma ci gaba da aiki. Lokacin da kasuwar ta bunƙasa, kaso mafi tsoka yana hannun wasu. Hausawa kan ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Duk da haka, adalci ne a faɗi cewa Bich ma ya yi nasa aikin, domin shi ya sa biro ya yi arha har ɗan talaka ya iya saye.

Ƙarshen rayuwarsa

Biro ya zama ɗan ƙasar Ajantina, a can kuma ya ƙare rayuwarsa. Bai daina ƙirƙira ba. Ya yi amfani da hikimar ƙwallo mai juyawa wajen ƙera kwalbar shafa turare, ya kuma yi bincike a wasu fannonin kimiyya har zuwa tsufansa. Ya rasu a Buenos Aires ranar 24 ga Oktoba, 1985, yana da shekara 86. Ajantina ta ware ranar haihuwarsa, 29 ga Satumba, a matsayin Ranar Masu Ƙirƙira.

Wataƙila a cikinku akwai wanda wata rana zai ƙirƙiro injin sarrafa rogo, ko maganin wata cuta, ko sabuwar manhajar kwamfuta. Tarihin Biro yana nuna masa matakai uku. Ya fara bincika abin da na gaba suka riga suka yi, kada ya ɓata shekaru a kan abin da ya zama na kowa. Ya yi rajista kafin ya baje fasaharsa a kasuwa, a duk ƙasar da yake sa ran ciniki. Sannan ya nemi shawarar masana doka kafin ya sa hannu a kan takardar sayar da haƙƙinsa, domin abin da aka sayar a ranar ƙunci ba ya dawowa a ranar yalwa.

Ma'anar wasu kalmomi

Ƙirƙira: samar da sabon abu wanda babu irinsa a da.
Maɗaba'a: wurin da ake buga littattafai da jaridu.
Tsararo: mai ruwa-ruwa, marar kauri.
Gurbi: ɗan rami ko wurin da abu yake zama daidai.
Yoyo: fitar ruwa kaɗan-kaɗan ta wata kafa.
Wa'adi: lokacin da aka ƙayyade wa wani abu.
Mafaka: wurin da mutum ke fakewa don tsira daga haɗari.
Cincirindo: taruwar mutane da yawa a wuri ɗaya.
Garai-garai: wanda ake iya ganin abin da ke cikinsa.

Tambayoyi

1. A wace ƙasa aka haifi Laszlo Biro, kuma a wace ƙasa ya rasu?
2. Ku kawo aibu uku na alƙalami mai shan tawada.
3. Me ya sa Biro ya zaɓi ƙwallo maimakon ganga?
4. Ku bayyana ayyuka biyu da ɗan ƙwallon bakin biro yake yi.
5. Waɗanne sharuɗɗa uku ne dokar Nijeriya ta gindaya kafin a ba mutum takardar haƙƙin ƙirƙira?
6. Me ya sa ba a iya hana Milton Reynolds sayar da alƙalaminsa a Amurka ba?
7. Ku bayyana ma'anar karin maganar da ta zo a cikin darasin, sannan ku kawo makamanciyarta daga harshenku na gida.

Aikin yi

Ku rubuta jimla 10 da Hausa a kan wata matsala da kuke gani a makarantarku ko a unguwarku, tare da bayanin na'ura ko dabarar da kuke ganin za ta magance ta.